Kafaɗar Baba ta Hagu

Gyaɗi-Gyaɗi, daren Laraba, daminar 1999

Barci ya ƙi zuwa. Ɗazu da la'asar Malama Ladi, maƙwabciyarmu mai koyar da zane a Tarauni, ta kawo min hoton Baba da ta zana da fensir. Yana zaune a ƙofar gida da rediyonsa, yana sauraron surutun 'yan siyasar nan da suka cika gari tun saukar soja.

Wallahi matar nan ta iya. Layi ɗaya ta ja daga wuyansa har gwiwa. Ta zana shi can gefen takardar, ta bar rabinta fili, har kana jin shirun unguwar. Na daɗe ina kallo.

Sai na ce, "Malama, kafaɗar hagun nan kin karkatar da ita."

Ta ce, "Abin da na gani na zana, Sani. Ya kwana biyu a haka."

Na ji haushinta sosai. Amma da muka zauna cin tuwo na zuba wa Baba ido. Ya ɗauko kwanon miya da hagu, kwanon ya suɓuce. Wai santsi ne.

Gobe sai asibiti, ko yana so ko ba ya so. Ya Allah, kar a ce na makara.