Waken Kutama bai bushe ba

Inna,

Barka da asuba. Na tarar kin koma barci, motar Kabo kuwa ba ta jira, shi ya sa na rubuta.

Jiya ban runtsa ba saboda waken da na sayo a gonar Malam Jibirin a Kutama. Da na tambaye shi ko ya bushe, sai ya ce, "Malam Najmuddeen, tun zuwan Shari'a na daina rantsuwa a kan kaya. Ga haƙora a bakinka, ka ciza." Ban ciza ba. Na ga bai kamata mai digiri a fannin noma ya tsuguna yana cizon wake a gaban jama'a ba. Haka na ɗura shi a jarkoki na toshe, kamar yadda aka koya mana.

Bayan sallar asuba na buɗe jarka ɗaya na ciji waken. Bai ce ƙas ba, Inna, lotsawa ya yi. Da ya yi mako a rufe da ya yi fumfuna, kuma shi ne cimarmu har damina, a shekarar da ba mu da halin sayen wani.

Na shanya shi duka a kan tabarmi a tsakar gida. Don Allah a kula da awaki, a kwashe kafin magariba saboda raɓa.

Na tankaɗe tokar murhu, tana cikin tsohon kwano a ƙofar madafa. Idan ya bushe, a adana shi da ita yadda kika saba. Na janye musun da na yi miki a kan adana wake da toka.

Najmuddeen