Ciwon Kai na Huɗu

Litinin, 3 ga Maris

Auta ce ke rubutawa, ƙanwata, ita aka sa a boko. Ta zo mini kwana biyu, ta ce in riƙa faɗa tana rubutawa. To rubuta.

Ni ciwon kai uku na sani, kuma na san su kamar 'ya'yan cikina. Akwai mai ɗaurin ɗankwali, ya zagaye kai ya matse har wuya. Na gajiya ne da ɓacin rai. A sha ruwa a kwanta, ya wuce. Akwai na mura, a goshi da ƙarƙashin ido, in kika sunkuya kamar fuskarki za ta zubo ƙasa. Sai babbansu, na ɓari guda, gadon Innarmu. Shi mai ladabi ne, sai ya turo ɗan aike: ƙyalli-ƙyalli a ido kamar an fasa madubi, sannan bugu, sannan amai. Kin tuna Inna a ɗaki, an toshe taga da bargo, muna tafiya da sanɗa? Ina za ki tuna, kina goye. Ranar da aka haifi ɗana na fari ma da shi na tashi. Ban taɓa zuwa asibiti a kansa ba.

Laraba, 5 ga Maris

Kai na ciwo, gefen dama, tsakanin ido da kunne. Na gadon ne. Tun da na daina al'ada ya rabu da ni, yau ya tuno hanya.

Asabar, 8 ga Maris

Auta ta zo taje mini kai, mataji na taɓawa na saki ƙara. Ta ce, "Yaya, ko taɓa ki ban yi ba!" Na ce hannunki ne, tun kina yarinya kamar na maƙeri. Amma fatar kan zafi take, ko matashin kai ba na son ya taɓa wajen.

Auta ta ce wai in wannan na gadon ne, ina ɗan aiken? Ina aman? Ga taga a buɗe, hasken bai dame ni ba. Na ce tsufa ya yi, shi ma ya daina ladabi. Rubuta haka, bar kallona.

Lahadi, 9 ga Maris

Nama ya gagare ni. Ba haƙori ba, muƙamuƙin ne ke gajiya in ina tauna, sai na huta. Naman ne mai tauri.

Talata, 11 ga Maris

Wannan ba da son raina ake rubuta shi ba.

Da hantsi ina zura zare a allura, ni da ba ni da tabarau har yau, sai idon dama ya rufe. Ba ƙyalli, ba komai. Kamar an saki labule. Na ajiye allurar, can ya buɗe. Kuskurena da na faɗa da ƙarfi. Auta ta ajiye tsintsiya ta kira ɗana a waya, ya bar motarsa a tasha ya taho.

Na ce, "Ni za ku koya wa ciwon kai?" Ya ce, "Mama, kai naki ne, amma in idon ya tafi fa?" Auta kuwa har ta ɗauko mini takalmi, munafuka.

Laraba, 12 ga Maris

Jiya suka kai ni asibiti. Likitar mace ce, mai sanyin hannu. Na jera mata ukun nan, ta ce duk daidai ne, Mama, babu gyara. Kin ji ko, Auta? Sa wannan da manyan baƙi.

Sai ta ɗora yatsa a gefen goshina, kan wata jijiya da ta taso kamar igiya, na zabura. Ta tambayi tauna, ta tambayi taje kai. Na harari Auta, ta rantse ba ita ta faɗa ba. Aka ɗebi jini. Wai jijiyar ce ta kumbura, tana tare wa ido jini, kuma tsofaffi take kamawa. Wai sabon ciwon kai bayan an manyanta ba a zama da shi. Labulen nan wata rana in ya sauka ba ya ɗagawa. Ko jiran gobe ba ta yi ba, nan take aka fara ba ni ƙwayoyi.

Na ce ai dama na ji a jikina baƙo ne. Auta ta yi tari.

Litinin, 17 ga Maris

Kai ya lafa. Na ci nama.

Da safe nakan rufe idon hagu da tafi in dubi ɗakin da na dama: ƙofa, buta, Auta da bakinta a buɗe tana minshari. Ba tsoro ba ne, dubawa ce kawai.

Ta haɗa jakarta za ta koma gida. Na ce ƙwayoyin nan rubutunsu ƙanana ne, wa zai karanta? Ta ce ɗana ya iya karatu. Na ce shi ba ya zama. Ta tsaya tana kallona, sai ta mayar da jakar ƙarƙashin gado.

In wani abu ya sake motsi a kan nan, ita zan fara gaya wa. Kada ki rubuta wannan.