Guntun Allin Hajo

Yaya Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya gida, ya maiɗakinka da yara? Ya zaman Ikko? Mu nan Rogo lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Koyar da yaran nan da muke yi a Zoza ni da su Lawan ya ishe ni. Tun da aka shiga cirar gyaɗa iyaye suka kwashe 'ya'yansu. Jiya na taka keke har can da niyyar in ɗauko allonmu in haƙura. Mutum ɗaya na tarar a gindin tsamiyar: Hajo, 'yar Fulanin da ta fi kowa iya haɗa baƙi. Sallama ta zo yi, gobe za su yi kudu da shanu, sai damina.

Na ba ta guntun alli, ta ƙulle a bakin zane, ta ce, "Malam, in mun dawo daga wane shafi za mu ci gaba?"

Yaya, na kasa gaya mata. Allon yana can inda yake.

Ka sa ni a addu'a, wallahi na gaji. A gaida mutanen gida. In ka sami mai zuwa, aiko mini da alli.

Ƙanenka,
Garba