Kada A Sa Motar Nan A Gwanjo Kafin A Buɗe Ta

Zuwa ga Mai Girma Darakta,
Ofishin da na yi wa tuƙi a Haɗeja.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kana lafiya tare da iyali. Ni ne Ayuba Bulus, direban farar motar ofis da aka dakatar a tsakiyar damina, bisa zargin ina sayar da fetur ina cika tanki da kananzir. Sau uku na zo ganinka, masinja yana ce mini kana mitin. Shi ya sa na rubuto a fili.

Na ɗaya: ba wanda ya kama ni da jarka. Hujjar kwamitin da ya bincike ni ita ce motar tana karkarwa in tana sulo, wato tana tsaye inji na kunne, kuma ta mutu da baƙinka daga Kano a bakin kasuwar Kafin Hausa, har sai da masu dakon buhu suka tura ku. Na san ka ji kunya ranar. Ni ma na ji.

Na biyu: na kai maganar wurin wani tsohon bakanike da ya taɓa aiki a kamfanin motoci, ya zana mini abin a ƙasa da tsinke. Irin motocin nan da ake kawowa daga waje suna da wani ɗan bawul da ake kira EGR. Aikinsa ya ɗebi kaɗan daga hayaƙin da zai fita ta salansa, ya mayar da shi cikin inji ya gauraya da iska. Hayaƙin da ya riga ya ƙone ba ya sake cin wuta, sai ya rage zafin ƙunar, gubar da ke fita ma ta ragu. Yana buɗewa ne in mota ta miƙa hanya, in ta tsaya kuma ya rufe. To, idan kunkunniya ta taru a bakinsa, sai ya maƙale a buɗe, injin ya riƙa shaƙar hayaƙinsa a tsaye, ya yi ta tari har ya mutu. Ko da fetur mafi tsabta ne haka za ta yi.

Na uku, kuma a gafarce ni: kunkunniyar ba daga sama ta faɗo ba. Duk ranar da muka je duba gonakin shinkafa a fadamar Auyo, umarnin da ake ba ni shi ne kada in kashe inji, don a dawo a tarar da mota da sanyi. Ku shiga kwale-kwale ku haye, ni in zauna a gindin kuka tun hantsi har la'asar, inji na kunne, babu kowa sai balbelu. Bakaniken ya ce wannan doguwar tsayuwa ita ke tara masa datti. Ban taɓa ƙorafi ba, don aikina ke nan.

Ranka ya daɗe, dakatarwar ba ta dame ni kamar shirun da ya biyo bayanta ba. Direbobin da muke cin kifi a kwano ɗaya yanzu in sun hango ni sai su sunkuya suna duba taya. A coci an karɓi makullin sito daga hannuna, wai don in huta. Na mayar da matata da yara gida Kudancin Kaduna, ni kaɗai nake kwana nake tashi a ɗaki biyu. Ban bi su ba saboda ba zan shiga garinmu da sunan ɓarawo ba. Kewarsu tana cin raina, gaskiya ke nan.

Yanzu na ji an sa motar cikin waɗanda za a yi gwanjonsu a ƙarshen wata. Roƙona ɗaya ne: kafin a sayar, a kira bakaniken da kai ka yarda da shi, ba nawa ba, ya kwance bawul ɗin a gaban kwamiti. Noti biyu ne kacal. In an tarar da shi fes, na karɓi sunan, in tattara in tafi. In kuwa an tarar da shi a maƙale, ban ce a mayar da ni aiki ba. A rubuta a takarda cewa ban yi sata ba, a sa hatimi, in kai wa 'ya'yana su karanta.

Duk Haɗeja ba ni da wani shaida sai wannan ƙarfen. In mai saye ya ja ta ya tafi, ya tafi da shi.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ka daga zargin da ba ka da bakin karewa.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Ayuba Bulus, direba.