Takardun Inna Ba Za Su Je Amurka Ba

Zuwa ga Yayana Likita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, saƙonka ya iso. Ka ce in turo maka hoton takardun asibitin Inna, za ka nuna a taron likitoci kan yadda ciwon dajin hanji ke kashe baƙar fata fiye da Turawa, don ba a gano shi da wuri. Tunda a bainar jama'a za ka yi maganarta, ga amsata a bainar jama'a.

Na saurari jawabinka na bara. Baki dai kana da shi. Ka ce baƙin mutum kan kai kukansa wurin likita a sallame shi da ƙwayoyi ba a duba cikinsa ba. Har tafi aka yi maka. Ni kuwa ina tuna ranar da na kira ka na ce Inna na ganin jini in ta zaga. Ka ce basir ne, ta rage yaji, kana da mara lafiya yana jira.

Ka san ba za ta faɗa maka da bakinta ba. Kai ne ɗan fari, ko sunanka ba ta taɓa kamawa ba. In ka bugo sai ta ce lafiya lau, ta miƙo mini wayar. Da na matsa mata ta ce, "Ke, mi za ni ce mai? Wagga magana ba a yin ta da ɗa." Ita kunya ta hana ta. Kai me ya hana ka sake tambaya?

Shekara biyu muna jiƙa sassaƙe a Argungu. Ni ke wanke zannuwanta in shanya bayan rumbu kada maƙwabta su gani. Matar da ke ɗaukar kwandon kifi zuwa kasuwa ta koma ba ta iya ɗaga buta. Ranar da aka leƙa hanjin a Sakkwato, likitan ya tambaye ni ko ba mu da wanda ya san aikin asibiti a gidanmu. Na ce ba mu da shi.

Na ji bayan rasuwarta ka je an duba naka hanjin, an ga ƙari an cire shi tun yana ƙarami. Madalla. Ashe ka san hanya.

Yaya, ban manta kai ka goya ni muka haye fadama shekarar da ruwa ya ci mana shinkafa ba. Ina kewarka, kuma haushin hakan nake ji. A makonta na ƙarshe Inna takan ɗauko hotonka ta kalla in ta zaci na fita. Ba ta taɓa ganin laifinka ba. Ni ce nake gani.

Takardun suna cikin akwatinta, nan za su zauna. Ta rufe maka jikinta tana numfashi, ba ni zan buɗe shi gaban baƙi ba. In misalin baƙar mace da likita bai saurara ba kake nema, ba ka buƙatar takarda. Ka ba su labarin, ka faɗi sunan likitan.

Allah ya jiƙan Inna, ya sa ciwon ya zame mata kaffara. Kai kuma Allah ya ja kwananka, ya ba ka 'ya'yan da ba su yarda da "lafiya lau" a waya.

Ƙanwarka,
Hauwa'u
Badariya, Birnin Kebbi