Ƙarya ta Huɗu

Yayana na kaina,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Yaya ƙafar Inna? Ka ce mata maganinta yana hanya.

Na ga sabon babin littafinka a jaridar gulmar nan ta ranar Litinin. Da ka ba ni na duba maka, da ɗan leƙen asirinka bai mutu a wannan shafi ya sha shayi a na gaba ba. Duk da haka ina taya ka murna. Masu ɗab'i sun juya maka baya, ga shi yanzu gari na karanta ka.

Sai dai jaridar da ke ɗaga ka ita ke neman binne mu. Ranar Alhamis ta sama 'yan majalisa za su kaɗa ƙuri'ar tsige Shugaba, uwar ɗakina. Sun yi tono ba su same ta da cin amana ba, sai suka koma cewa mace ba ta da jimirin kujerar. Kowane mako jaridar na miƙa musu makami: ta yi kuka bayan zaman kasafi, tana tuɓe takalmi a ƙarƙashin tebur, takan kulle ofis ta kishingiɗa a kan darduma. Duk gaskiya ne, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Na daɗe a ɗakin labarai kafin in zama mai magana da yawunta, na san bambancin ƙage da rahoton wanda aka tsegunta wa. Yanzu da na shiga ofis hira take mutuwa. Shugaba ta fara zargin direbanta, dattijon da ya goyi 'ya'yanta. Ta ce in kawo mata sunan mai kai maganar kafin ranar ƙuri'a, in ba haka ba shi zai tafi.

Ga wani abu kuma, tsakanina da kai: idonta na hagu yana mutuwa. Da manyan baƙaƙe nake buga mata jawabi, kamar allon 'yan firamare. In wannan ya fita, mun gama.

Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Auta


Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kowa yana lafiya.

Jaridar ta fito, tana nan a kan teburina. Kanun labarin ya ce Shugaba ta kusa makancewa, ido na hagu. A tsakiyar rahoton kuma ga "kamar allon 'yan firamare". Ko harafi ba su canza ba.

Ka tuna jami'in nan na littafinka na farko, wanda ya faɗa wa kowane abin zarginsa labari daban, ya zauna yana jiran wanda zai fito? Dabararka na ara. Direba na ce masa Shugaba na ciwon zuciya. Sakatariya na ce mata za ta sauya sheƙa zuwa wata jam'iyya. Mai tsaronta na ce masa maigidanta ya bar gida. Ta huɗun ce na daɗe riƙe da biro kafin in rubuta maka, domin na lura babu abin da jaridar ta taɓa bugawa a kan Shugaba wanda ban riga na rubuto maka ba. Na yi ta addu'a ta faɗi a banza.

Idon Shugaba lafiyarsa ƙalau, Yaya. Daga ƙarshen tebur take hango mini kuskuren waƙafi.

Na koma na duba tsofaffin fitowa. Babinka na farko da labarin kukanta rana ɗaya suka fito. Ashe da wasiƙuna kake biyan hayar shafinka.

Gobe da safe Shugaba tana jiran suna. Direba yana can a bakin mota yana goge gilashi, bai san komai ba.

Auta


Yaya,

Sallama. Ina gaishe ku duka.

Na ba ta suna, nawa. Na ce bakina ne ya zuba, a gidanmu. Ba ta tambayi wanda na faɗa wa ba. Ta ce in tsaya har a gama ƙuri'a, sannan in tattara kayana.

A zauren majalisa jagoran masu tsigewa ya ɗaga jaridar sama, yana tambaya ko mai lalube za ta ja ragamar jama'a. Shugaba ta nemi a miƙo mata. Ta wuce kanun, ta sauka can ƙasan shafi inda rubutu ya fi ƙanƙanta, ta karanta musu tallan maganin basur daga farko har lambar waya, ba tabarau. Har mutanensa sai da suka yi dariya. Ta tsira da kujerarta, da ƙyar. Direba yana nan kan aikinsa.

Ni kuwa na miƙa makullin ofis. Inna ba ta sani ba, na ce mata hutu na ɗauka, kada ka gyara mini zance. Editan naku zai neme ka, na ji lauyoyin Shugaba sun kai masa ziyara.

Zan ci gaba da rubuto maka, tunda Inna takan tambaya. A nan an yi ruwa jiya, gari ya yi sanyi. Wannan kana iya bugawa.

Ƙanwarka,
Auta