Hoton Ahmadu Mai Mazarƙwaila

Makarfi,
20 ga Nuwamba, 1961.

Zuwa ga aminina Malam Yunana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Paulina da yara. Yaya Kaduna, yaya kuma ciwon gwiwar nan taka? Mu nan sai godiyar Allah.

Takardarka ta iso, na kuma karanta zolayar da ke ciki. Ka ce ka aiko mini da kyamara don in rage zaman banza tun da na ajiye alli, ga shi na aiko maka hotuna goma sha biyu, babu mutum ɗaya da ya kalli inda nake. Ai Malam, abin da nake nema ke nan. Ka san yadda mutanenmu ke yi wa mai hoto: a ari agogo, a ɗaure fuska, a ƙame kamar mai jiran hukuncin alƙali. Wannan ai riga aka ɗauka. Ni nawa hoton kan hanya ne. Ranar Laraba nakan sa tsohuwar taguwa in zauna gindin tsamiyar kasuwa, in yi ta gaisawa da mutane har su gaji da ni su manta da ni. Sai rana ta karkata, haske ya yi sanyi, sannan in soma dako. Wani yinin sau ɗaya tak nake latsawa.

To amma na latso wa kaina rigima. Akwai wani Ahmadu na Gazara, mai sayar da mazarƙwaila. Na kama shi yana sauke wa jakinsa kaya, riga a yage a kafaɗa, gumi sharkaf, yana ƙyaƙyata dariya har giɓinsa ya fito. Ban taɓa yin hoto mai kyansa ba. Da aka wanko shi daga Zariya, daɗi ya ɗebe ni na liƙa a rumfar tela, ban nuna wa mai shi ba.

Da Laraba ta zagayo sai ga ni gaban Sarkin Kasuwa, Ahmadu ya kai ƙarata. Ahmadu ya ce, "Ranka ya daɗe, riga saƙi biyu gare ni a adaka, amma Malam bai tashi ɗaukata ba sai ranar da ba a bambanta ni da jakina." Ashe ɗansa Gambo, soja ne a Kwango, ya daɗe yana roƙon hoton ubansa, shi kuwa yana jiran ranar da zai shirya. Maimakon in ba da haƙuri, sai bakin malanta ya motsa, na ce hotona ya fi rigunansa sanin ko shi wane ne. Ya ce tun da haka ne, in ɗauke shi yadda yake so, a kai wa mahaifiyarsa Iya Sabuwa duka biyun, ta zaɓi wanda za a aika wa jikanta. Sarkin Kasuwa ya ƙara da cewa in ta zaɓi na riga, kyamarata ta yi sallama da kasuwar Makarfi.

Ka taya ni addu'a. Shekara ashirin da shida ina yi wa yara jarrabawa, yau ga ni ina jiran sakamako a hannun tsohuwar da ba ta san baƙi ba.

Naka,
Tukur.

Makarfi,
8 ga Janairu, 1962.

Aminina Yunana,

Bayan gaisuwa, ina fata kun yi Kirsimeti lafiya. Ka gode mini wa Paulina, kwalbar zumar ta iso.

Na ci jarrabawa. Na je Gazara na ɗauki Ahmadu da riga biyu a jere, da rawanin aro, da rediyon wani a cinyarsa. Ban yi masa mugunta ba, na zaɓa masa haske mai kyau. Da aka wanko, muka shimfiɗa wa Iya Sabuwa su a tabarma. Ta ɗauki na riga ta juya shi, ta ce, "Wannan bawan Allah fa, mai karɓar haraji ne?" Ta ɗauki ɗayan, ta daɗe tana shafa giɓin nan da yatsa. Can ta ce dariyar marigayi uban Ahmadu ce sak, kuma yaron da ke ƙasar mutane cikin bindigogi ba fuskar shanu yake bukata ba. Ahmadu ya sunkuyar da kai. Ni kuma na ba shi haƙuri a gabanta, don liƙawar nan laifina ce. Yanzu duk wanda na ɗauka, shi ke fara gani.

Na koma gindin tsamiyata, har masu tumatir daga Kudan suna wucewa ta gabana da gangan, suna yin kamar ba su gan ni ba.

Hoton da na haɗo maka ba aikina ba ne. Laraba biyu da suka wuce Ahmadu ya ce in nuna masa inda ake latsawa. Na nuna masa, na juya ina shan rake. Ga ni nan, hula a karkace, kumatu a cike, ruwa na bin gemu. Na so in yage, sai na ga haske daidai, lokaci daidai, ban kuma san an ɗauka ba. Tun da nake koyarwa ban yi ɗalibin da ya gane karatu a zama ɗaya kamarsa ba. Shi na aika ya karɓo wankin daga Zariya, ya kawo mini na fara gani kuwa, sannan ya tambaya ko a liƙa a rumfar tela.

Na ce a liƙa.

Ka gaida mutanen gida.

Naka har kullum,
Tukur.